Daga Gusau Zuwa Houston: Cinikin Ƙaramar Bindiga

Duk wanda ya kwana biyu a Houston sai ya koyi karanta wasu lambobi a ƙofofin gilashi. Asibiti, babban kanti, gidan abinci, har wasu wuraren ibada, za a ga an manna allo cike da rubutun Ingilishi da Sifaniyanci, da lamba a cikinsa. In 30.06 ce, masu wurin na cewa ko kana da lasisi kada ka shigo musu da bindiga a ɓoye. In 30.07 ce, kada ka shigo da ita a fili. Ita kuwa 30.05 da marar lasisi take. Akwai kuma jan tambari mai 51%, na wuraren da mafi yawan cinikinsu giya ce da ake sha a nan take. Shiga irinsu da bindiga babban laifi ne. Lambobin ukun sassa ne na dokar laifuka ta jihar Texas, kuma baƙo mai lura zai gane saƙonsu: inda ba a kafa allo ba, mai yiwuwa wani a layin biyan kuɗi yana da bindiga a ƙugu.

Wanda ya sha wannan karatu wani tsohon malamin sakandare ne daga Gusau, da ya je duba ɗan ƙanwarsa. Ya sauka a filin jirgin sama na George Bush cikin watan Agusta, lokacin da zafin garin ke haɗuwa da danshin teku ya zama abin da ko Basakkwace sai ya sara masa. Riga na mannewa a jiki tun kafin a kai ga mota. Wannan zafi kuwa shi ne abincin ɗan nasa, don sana'arsa gyaran na'urar sanyaya ɗaki. A irin wannan wata wayarsa ba ta hutawa. Ana kiransa tsakar dare zuwa unguwannin da bai sani ba, shi kaɗai cikin motar aiki maƙare da kayan dubban daloli. An taɓa fasa gilashin motar aka yashe ta. Wani dare kuma samari biyu suka tare shi a wurin ajiye motoci na wani rukunin gidaje, Allah ya kawo mai gadi. Tun daga nan maganar bindiga ta shigo gidan.

Malam ba baƙon ƙarar bindiga ba ne, babu ɗan Zamfara da zai ce haka a shekarun nan. Sai dai bindigar da ya sani ta jami'in tsaro ce, ko ta ɓarayin daji, ko harba-ka-ruga ta 'yan sa-kai. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa fistol cikin jerin makaman da ba a mallaka sai da lasisin shugaban ƙasa. Bindigar farauta ce Sufeto Janar ke ba da izininta. Bai manta da watan Yunin 2022 ba, da gwamnatin jiharsa ta ce jama'a su nemi bindigogi su kare kansu, babban hafsan tsaron ƙasa ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Don haka da ɗan nasa ya ce, "Kawu, gobe Asabar za ka raka ni kanti, bindiga zan duba," sai da ya ajiye kofin shayi ya ce a maimaita.

Ita ma Texas ba haka ta taso ba. Tun 1871 take da dokar hana yawo da fistol, ta kuma zauna a kanta fiye da shekara ɗari. Al'amarin ya juya bayan 16 ga Oktoban 1991, ranar da wani mutum ya kutsa da mota cikin gidan abinci na Luby's a garin Killeen ya harbe mutum 23. Cikin waɗanda suka tsira akwai Suzanna Hupp, wadda uwarta da ubanta suka mutu a wurin, alhali bindigarta na cikin mota inda ta bar ta don bin doka. Ta yi ta ba da shaida a gaban 'yan majalisa, daga baya ita ma ta zama 'yar majalisar jiha. A 1995 Gwamna George W. Bush ya sa hannu a dokar lasisin ɗaukar bindiga a ɓoye. A 2016 aka halatta wa mai lasisi ya rataya ta a fili. Ranar 1 ga Satumban 2021 kuwa dokar da Gwamna Greg Abbott ya sa wa hannu ta fara aiki: duk mai shekara 21 da wata doka ba ta hana shi ba, yana iya ɗauka ko babu lasisi. Zuwa 2024 jihohi 29 sun bi wannan hanya.

Kantin yana gefen babbar hanyar I-10, tsakanin wurin wankin mota da shagon katifu. Ciki sanyi ƙalau, ga ƙamshin man bindiga, daga bayan bango kuma ana jiyo wani dum-dum a daƙushe, alamar filin gwajin harbi na nan maƙale da kantin. Dogayen bindigogi sun cika bango. Ƙananan suna kwance cikin kanta mai gilashi, kowace da takardar farashi ɗaure a jikinta. Mai kantin, wani dattijo mai furfura da zanen soja a damtse, ya ɗauko ɗaya, ya zare gidan harsashi, ya ja marfin sama baya, ya leƙa, ya sa ɗan yatsa ya taɓa ramin, sannan ya miƙa. Haka ya yi wa kowace bindiga da ta fito daga kantar a ranar, har wadda ya duba minti biyu da suka wuce.

Malam ya kai hannu. Dattijon ya tambayi takardunsa, ya ga fasfo da bizar ziyara, ya mayar masa cikin ladabi. Dokar tarayya ta hana wanda ya shigo da irin wannan biza riƙe bindiga ko harsashi, ko da haya ce ta awa ɗaya a filin gwaji, sai in yana da lasisin farauta na wata jiha. Mai takardar zama na dindindin, irin ɗan nasa, yana iya saya. "Kawu, yau sai dai ka zuba ido," in ji shi. Malam ya harɗe hannu a baya ya zama ɗan kallo.

Abin da ake nema a bindigar ɓoyewa abu uku ne da ba sa jituwa: ta zama siririya ta ɓace a ƙarƙashin riga, ta ɗauki harsashi da yawa, ta kuma yi daɗin harbi. Dattijon ya fara da ma'aunin da ake auna saura da shi, Glock 19, wadda kamfanin Gaston Glock na Ostiriya ya fitar a 1988. Harsashi 15 take ɗauka, nauyinta kusan giram 670 kafin a ɗura mata, kuɗinta ya ɗara dala 500. 'Yan sanda da sojoji na ƙasashe da dama suna amfani da ita. Amma da saurayin ya kara ta a ƙugu ƙarƙashin rigar aikinsa mai shara-shara, gindinta ya turo rigar a fili. A garin da ake sa kwat ba matsala. A Houston cikin Agusta kuwa, kowa zai gani.

Sai aka gangaro ga ƙananan. Shekaru da yawa, wanda ya zaɓi siririyar bindiga sai ya haƙura da harsashi shida ko bakwai. Glock 43 ta 2015 shida take ci. A 2018 SIG Sauer ta fitar da P365, mai faɗin inci ɗaya da nauyin kusan giram 500, amma tana cin goma, saboda an yi wa gidan harsashinta wata dabara: jeri biyu daga ƙasa, ya tsuke zuwa sama. Kasuwa ta rikice. Springfield ta kawo Hellcat a 2019, ƙirar wata masana'anta a Kuroshiya, mai cin goma sha ɗaya. Smith & Wesson ta sabunta Shield ɗinta a 2021 ta zama Shield Plus. Duk waɗannan a wajen dala 400 zuwa 600 suke.

Saurayin bai zo da wannan kuɗi ba, kuma bai ɓoye ba. Dattijon ya matsa ƙarshen kantar inda masu sauƙin kuɗi suke. Ga Ruger EC9s mai cin bakwai. Ga Canik, ƙirar garin Samsun na Turkiyya, wadda ake yabon laushin kunamarta. Ga kuma Taurus G3C, ta kamfanin Birazil mai masana'anta a Bainbridge ta jihar Georgia, wadda ta fito a 2020: harsashi 12, nauyin kusan giram 620, da 'yar sakatar da ake turawa da babban yatsa don hana ta tashi. Takardarta ba ta kai dala 300 ba.

"Araha ba ta ado," in ji Malam da Hausa, daga inda yake tsaye.

Bai faɗi ƙarya ba. A 2015 Taurus ta sasanta wata ƙarar taron dangi da ta shafi tsofaffin fistol ɗinta kusan miliyan ɗaya, waɗanda aka yi zargin suna iya tashi in sun faɗi ƙasa, ko da yake kamfanin bai amsa laifi ba. Sunan ya daɗe yana jan wannan tabo, samfuran baya-bayan nan ne suka fara wanke shi. Da aka fassara wa dattijon karin maganar, ya yi dariya ya ce shi ba ya sayar wa kowa bindigar kare kai da baki. A je a yi hayar uku ko huɗu, a harba, hannu zai zaɓa. Shawarar ta rage masa cinikin ranar, kuma ita ce mafi amfani cikin duk abin da aka faɗa a kantin.

Kafin su dawo don gwajin harbin, Malam ya zama maharbi a takarda. Hukumar kula da namun daji ta Texas tana sayar wa wanda ba ɗan jiha ba lasisin farautar ƙananan dabbobi na kwana biyar, ana saye a kantin kayan wasanni. Mutumin da ko zomo bai taɓa bi ba ya fito da takardar a aljihu yana murmushi.

Malamar harbin wata mace ce gajera, da ta ce ta yi aikin 'yan sanda kafin ta yi ritaya. Ba ta bar su sun taɓa komai ba sai da suka maimaita mata ƙa'idoji huɗu da ake dangantawa ga Jeff Cooper, tsohon sojan da ya kafa makarantar harbi ta Gunsite a Arizona a 1976. Kowace bindiga a ɗure take. Kada bakinta ya kalli abin da ba ka shirya hallakawa ba. Yatsa ba ya hawa kunama sai an daidaita saiti. Ka san abin da kake harbi da abin da ke bayansa. Sannan ta raba tabarau da abin toshe kunne, ta dubi wuyan kaftanin Malam da yake a buɗe, ta ce ya ɓalla maɓalli. Ya ɓalla ɗaya ya bar na sama.

Ƙarar cikin ɗakin ba a kunne kawai ake jinta ba, har a ƙirji. Kowa na da 'yar rumfarsa, da maɓallin da ke tura takardar bara gaba ko ya jawo ta. Aka tsayar da ita a yadi bakwai. Saurayin ya fara da Glock 19, ramukan suka taru a tsakiya, ya juyo yana washe baki. Da aka ba shi P365 sai ramukan suka gangara ƙasa ta hagu, suka warwatse. Harsashin iri ɗaya ne, mai milimita 9 da Georg Luger ya ƙera a farkon ƙarni na 20, ƙarfinsa bai ragu sosai ba don an sa shi a ƙaramar bindiga. Abin da ya ragu nauyin da zai shanye shurin ne. Duk wanda ya hau a-kori-kura marar kaya a kan gargada ya san ta fi mai lodi tsalle. Ga mariƙin gajere, ƙaramin yatsan saurayin yana lilo a iska babu wurin kamawa. Ga tazarar da ke tsakanin saitin gaba da na baya ta ragu, kuskure kaɗan a hannu ya zama babba a takarda.

Saurayin ya ce saitin ne ya karkace. Malamar ba ta yi musu ba. Ta karɓi gidan harsashin, ta juya baya ta ɗura, ta mayar masa. Harbi na farko, na biyu, na uku ya ja kunama sai ƙas, babu ƙara, amma bakin bindigar ya duƙa ƙasa a gaban idon kowa. Harsashin roba ta cusa a tsakiya. Hannunsa ne ke riga bindigar, yana danne ta don tsoron shurin da bai zo ba tukuna, sauran yatsun kuma suna matsewa tare da mai jan kunama, abin da ke kai harbin na-dama ƙasa ta hagu. Maganin, in ji ta, ba a kanti yake ba: a riƙa jan kunama a gida da bindiga wayam, bayan an fitar da duk harsashi daga ɗakin, har hannu ya daina zabura.

Da G3C abin ya yi kyau. Ta ɗan fi P365 kauri da nauyi, yatsunsa duka sun sami wuri, ramukan suka dawo kusa da juna. Malamar ta ce ga mai ƙaramin hannu lissafin zai iya juyewa, mai raunin hannu kuma da yake wahalar jan marfin sama gara ya duba Shield EZ, wadda aka ƙera don haka.

Sai layi ya zo kan Malam. Glock ta ba shi mamaki da sauƙinta. Don a gwada masa ɗaya gefen aka kawo Ruger LCP, 'yar mitsitsiyar da ta fito a 2008, mai nauyin kusan giram 270, wadda ke ɓacewa cikin aljihun wando. Harsashinta ƙarami ne, .380 na John Browning, amma harbi uku ya ji tafin hannunsa na zogi. A na huɗu kwanson harsashi ya daki bangon rumfar ya dawo ya faɗa ta wuyan kaftaninsa, da zafinsa. Malam ya yi tsalle zai juyo. Kafin ya motsa kafaɗa, hannun malamar na kan damtsensa, ta tsare bakin bindigar yana kallon gaba. "Ajiye ta tukuna, sannan ka yi rawarka," in ji ta. Ya ajiye, ya yi rawar, ya ɓalla maɓallin sama ba tare da an sake faɗa masa ba.

Sayen kansa bai ɗauki awa ɗaya ba. Akwai fom mai lamba 4473 na hukumar ATF mai kula da makamai, inda mai saye ke amsa tambayoyi: ko an taɓa kama shi da babban laifi, ko an hukunta shi kan dukan iyali, ko yana shan ƙwaya ko wiwi, ko shi ne ainihin mai sayen ba wani ya aiko shi ba. Ƙarya a fom ɗin laifin tarayya ce, sayen bindiga don wanda doka ta hana kuma yana iya kai mutum kurkuku shekara 15 a dokar 2022. Mai kanti ya tura bayanan ga na'urar binciken FBI, wadda ta fara aiki a 1998 bisa dokar Brady ta 1993. Amsa uku ce: a ba shi, a dakata, ko a hana. Tasu ta zo kafin Malam ya gama karanta allon farashin harsashi. Texas ba ta da kwanakin jira.

A nan ne karin maganar Malam ta sami wata fassara. Harajin ciniki a Houston kashi 8.25 ne cikin ɗari. Ba a cusa bindiga a wando haka nan. Sai da kube mai tauri wanda ya rufe kunama ruf, da ɗamara mai ƙarfi da ba ta lanƙwasa. Harsashin atisaye kwalin hamsin kimanin dala 15, kuma masu sana'ar kan ce kada ka amince wa sabuwar bindiga sai ta ci ɗari biyu ko fiye ba ta cije ba. Na kare kai daban ne, mai rami a baki, wanda ke buɗewa in ya shiga jiki don kada ya huda ya wuce ya sami wani. Guda ashirin ɗinsa sun fi hamsin na atisaye tsada, kuma shi ma sai an gwada shi a bindigar. Ga akwatin ƙarfe na gida, ga wani ƙarami mai igiyar ƙarfe na ɗaurewa a ƙarƙashin kujerar mota, don a Houston satar bindiga daga mota ta zama ruwan dare. Kafin su fita, kuɗin da ya bar aljihun saurayin ya ninka na jikin takardar. Duk da haka zaɓinsa na da ma'ana: wanda ya sayi ta dala 280 ya zuba ragowar a harsashi da horo ya fi wanda ya sayi ta dala 600 ya jefa a durowa.

A gida akwai wadda ba ta yi murna ba. Matar saurayin ma'aikaciyar jinya ce, ta ga abin da harsashi ke yi wa cikin mutum, kuma lissafinta daban ne. Alƙaluman hukumar lafiya ta CDC sun nuna mutum 48,830 suka mutu ta hanyar bindiga a Amurka a 2021, kashi 54 cikin ɗari su suka kashe kansu. Tun 2020 bindiga ta wuce haɗarin mota wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 1 zuwa 19. Su kuwa suna da yara biyu masu buɗe kowace durowa.

"Kawu, kai ne babba, ka zama shaida," in ji ta bayan sallar isha'i. Sharuɗɗanta: bindigar ko tana jikinsa ko tana cikin akwati a kulle, babu na uku. Ba ƙarƙashin matashi, ba saman firiji, ba aljihun ƙofar mota. Ranar da ransa ya ɓaci sosai, lambar akwatin ita za ta canza. Kuma sai ya yi lasisi, ko da doka ta ce ba dole. Sharaɗin farko ma doka na bayanta, domin a Texas laifi ne barin bindiga mai harsashi inda yaro ƙasa da shekara 17 zai kai gare ta. Malam ya ce ya shaida.

Lasisin dala 40 ne, ban da kuɗin aji da na ɗaukar zanen yatsu. Yana da amfaninsa: jihohi da dama suna karɓarsa, kuma yana kare mai shi daga dokar tarayya da ta hana bindiga a tazarar ƙafa 1,000 daga makaranta, abin da mai yawon gyara a unguwanni ba zai iya kauce wa ba. Ajin awa huɗu zuwa shida ne, sai jarrabawar harbi: harsashi 50, ashirin a yadi 3, ashirin a yadi 7, goma a yadi 15, ana neman maki 175 cikin 250. Saurayin ya ci ba tare da wahala ba. Gaskiya jarrabawar ba ta da tsauri, kuma wanda ya ɗauke ta a matsayin shaidar ƙwarewa ya yaudari kansa. Takarda ba ta motsi, ba ta ihu, ba a cikin duhu take ba.

Abin da ya fi tsaya wa Malam, da aka bar shi ya zauna a bayan aji, shi ne yadda aka ɓata mafi yawan lokacin kan hana harbi. Manhajar jihar ta wajabta koyar da sasanta rikici ba da ƙarfi ba. Dokar Texas ba ta tilasta wa mutum gudu kafin ya kare kansa, har ta ba da dama a wasu yanayi a kare dukiya da dare. Malamin ajin ya karanta sashen, sannan ya lissafa abin da ke biyo baya ko da kana da gaskiya: ankwa, ƙwace bindigar, masu taimaka wa kotu da za su duba ko a gurfanar da kai, kuɗin lauya da ya fi kayan motarka. Mai bindiga, in ji shi, ba ya danna ham don fushi, ba ya rama zagi, ba ya bin wanda ya gudu. A mota Malam ya tambayi ɗan nasa abin da zai yi in samarin nan suka sake tare shi. "Makulli zan miƙa musu, Kawu. Kayan suna da inshora. Sai in na ga ba kaya suke so ba."

Akwai kuma darasin da baƙaƙen fatan ajin suka fi kasa kunne a kai. Ranar 6 ga Yulin 2016, a Falcon Heights ta jihar Minnesota, ɗan sanda ya tsayar da motar Philando Castile. Castile yana da lasisi, ya kuma faɗa wa ɗan sandan cewa yana da bindiga. Cikin daƙiƙoƙi aka harbe shi ya mutu, kotu ta wanke ɗan sandan a 2017. Shawarar ajin ita ce: kashe mota, kunna fitilar ciki, hannu biyu a kan sitiyari, faɗi inda bindigar take da baki, kada hannu ya tafi ko'ina sai an ce ya tafi. Ga baƙon fata mai harshen da ba na garin ba da suna irin na Musulmi, bindigar da ya saya don tsaro ta ƙara masa wani abin tsoron.

Saura sutura da salla, waɗanda babu malamin ajin da ya taɓo. Saurayin ya fara da sa kuben a gaba, ƙarƙashin cibiya ta dama, inda ya fi ɓoyuwa. A tsaye lafiya lau. Ruku'u na farko gindin bindigar ya toki haƙarƙarinsa, zaman tahiya kuma bai yiwu ba. Ya mayar da shi bayan ƙugu, sai ya ga in ya yi sujada rigar na ɗagewa ta nuna wa na sahun baya. Jallabiya kuwa tana ɓoye komai, amma kafin mutum ya tattaro ta daga idon sawu zuwa ƙirji an gama da shi. A Satumban 2019 dokar Texas ta fayyace cewa wuraren ibada suna da zaɓi, su hana ko su ƙyale, kuma a Disambar shekarar wani mai gadin sa-kai ya harbe maharin da ya buɗe wuta a wani coci a White Settlement. Masallacin da suke zuwa ya zaɓi wata hanyar: allo a ƙofa, da ɗan sanda da ake biya ya tsaya a waje ranar Juma'a. Ranar Juma'a ke nan bindigar na zama a akwatinta. Haka ranar kai yara makaranta, haka in aiki ya kai shi asibiti.

Daren da Malam zai tashi, ɗan nasa ya zazzage jakarsa a tsakar falo, ya bi aljihun kowace riga da hannu. A 2024 an tsare Amurkawa 'yan yawon buɗe ido a tsibiran Turks da Caicos saboda 'yan harsasai da suka manta a jaka, a ƙarƙashin dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 12, kuma babu mai son gwada yadda jami'an filin jirgin Abuja za su fassara irin wannan mantuwa. A aljihun gefe na kaftanin nan aka sami kwanson .380, wanda Malam ya tsinta bayan rawarsa don ya nuna wa abokan hira a Gusau.

"Ai fanko ne," in ji Malam.

"Kawu, kai za ka yi musu wannan bayanin, ko ni?"

Kwanson ya tafi kwandon shara. Takardar barar da ya huda da Glock kuwa aka naɗe ta cikin dardumar salla, tare da lasisin farautar da wa'adinsa ya ƙare.